Daga Kwalbatin Unguwarmu Zuwa Hawan Kibo

Har yau, in ƙanina ya naɗe ƙafar wando zai yi alwala, idona kan sauka a kan tabon da ke sharaɓarsa ta dama. Ya kai faɗin tafin hannun yaro, fatar wurin tana sheƙi, gashi bai sake tsirowa ba. Salansar babur ɗina ce ta yi masa shi a watan Afrilun 2007, yana ɗan shekara 12. Shi ya daɗe da yafewa. Ni ne nake ganin tabon in ji ƙaurin ranar ya dawo mini cikin hanci.

A Jos muke zaune. Da kuɗin adashi na sayi mashin ɗin, Jincheng ja, na hannu, irin mai giya 4 da ke fitar da shuɗin hayaƙi in an tayar da shi da sanyin safiya. Yadda kowa ya koya haka na koya. Wani abokina ya nuna mini kuloci da giya da totur, ya ce in saki a hankali, ya bi ni a guje na 'yan taku, shi ke nan na zama mai babur. A miƙaƙƙen titi kuwa na iya, har ina sakin hannu ɗaya in gyara hula. Ban taɓa kawowa a raina cewa shan kwana abu ne da ake zama a koya ba.

Ranar da abin ya faru, Inna ce ta aike mu Bukuru. Muna can aka yi ruwan farko, irin wanda ke taso da ƙamshin ƙasa, ya kuma jiƙa ƙura da man da suka kwanta a kan kwalta tun rani har titi ya yi santsi. A hanyar dawowa akwai wata kwana ta hagu dab da unguwarmu, da kwalbati a gefenta na dama. Na sha bin ta ba adadi. Na shige ta a giya ta 4, sai da na kai tsakiya na ji a jikina cewa gudun ya yi yawa.

Abin da na fi tunawa shi ne kwalbatin. Bakinsa ya gutsure, rodi ya leƙo waje, wata baƙar leda ta maƙale a jikin rodin tana kaɗawa. Na ƙura mata ido na kasa ɗaukewa. Hannuwana suka sandare. Na damƙe kuloci, na cafki birkin gaba da dukkan yatsuna. Babur ɗin da ya fara kwanciya ya miƙe tsaye, ya nufi inda nake kallo kamar an ja shi da igiya. Tayar gaba ta hau yashin da ruwa ya kwaso ya tara a bakin titi, ta zame.

Daga nan sai shiru. Tayar baya tana ta juyawa a sama, fetur yana ɗiga. Ƙanina bai yi kuka ba da farko. Cewa kawai ya yi, "Yaya, ƙafata." Salansa ta danne shi, kuma sai da mutum biyu suka rugo suka taya ni kafin muka ɗaga. Dukanmu babu mai hular kwano. Tsakanin kansa da rodin nan bai fi kamu biyu ba.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta duba ƙafar, ta dube ni, ta ce, "Allah Ya tsare gaba." Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Masu zuwa dubiya kowa cewa yake tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma na yarda da ƙaddara. Amma can cikin raina na san hannuwana sun yi wani abu a kwanar nan, ban kuma san ko mene ne ba. Wannan rashin sanin shi ya fi cina. Abokai suka ce birkin gaba ne, shi ke kayar da mutum, kada in ƙara taɓa shi. Akwai ma waɗanda suke sassauta wayarsa da gangan don kada ya kama. Wasu suka ce in cire tsoro kawai, kamar riga ce da za a tuɓe a rataye.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wata 5 na yi ina hawa babur ina ƙin sa. Da na hango kwana sai bakina ya bushe, in damƙe kuloci, in zuro ƙafa ɗaya ƙasa, in lallaɓa kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti, 'yan acaɓa suna yi mini oda a baya. Hanyar da zan bi in isa cikin minti 10 sai in zagaye ta wata don gudun shataletale guda. Ban ƙara ɗaukar kowa a baya ba. Da dare kuma ledar nan nake gani.

Kawuna, yayan Inna, bakaniken babura ne a Dilimi. Ya fara hawa tun kafin Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, kuma mutum ne marar yawan magana. Wata rana ya biyo ni a baya ban sani ba. Da muka isa gida ya kafe tsohuwar Hondarsa, ya kira ni gefe.

"Ɗan nan, in ka zo kwana me kake kallo?"

"Hanya nake kallo, Kawu."

"A'a. Rami kake kallo. Na ga ƙeyarka, ko motsi ba ta yi. Gobe bayan asuba ka same ni."

Ya kai ni wani tsohon filin haƙar kuza a bayan gari, inda ƙasa ta daskare kamar daɓe. Ya ajiye gwangwanayen baƙin mai guda 2, tsakaninsu taku 20, ya ce in riƙa zagaya su ina zana lamba 8. Shi kuma ya je ya tsaya a inda ya kamata in fita, ya ɗaga yatsu, ya ce duk zagaye sai na faɗa masa da ƙarfi guda nawa ya ɗaga. Ba yadda za ka ƙirga yatsun mutum kana kallon tayarka. Dole ka juya kai gaba ɗaya, har haɓa. Sau da yawa na faɗi daidai bayan na riga na zuro ƙafa, ya ce a sake. Sai a wajen zagaye na 30 na lura da wani abu da ya sa tsigar jikina ta tashi: duk lokacin da idona ya tafi wurin yatsunsa, babur ɗin yakan bi da kansa, ba tare da na yi kokawa da shi ba. A nan na gane abin da ya faru a kwalbati. Ni na kai mu can da idona. Na kashe mashin na zauna a ƙasa. Kawu bai ce komai ba, ya bar ni har na gama.

Batun birki kuwa, ya ce abokaina sun faɗi rabin gaskiya ne. In ka taka birki nauyin babur da naka gaba suke komawa, don haka tayar gaba ce ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa. Wanda ya kashe birkin gaba ya zubar da abin da zai cece shi ranar da yaro ya tsallako titi. Laifina shi ne lokacin da na kama shi da yadda na kama shi. Ana rage gudu ne tun babur yana tsaye a miƙe, da birki biyu tare, a matsa na gaba sannu kamar mai matsa lemon tsami, a sauko da giya, a saki kuloci, sannan a kwanta. Ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan tayata ya ce abin da ke taɓa ƙasa bai kai wannan ba, kuma shi ke ɗaukar birki, shi ke ɗaukar kwanciya. In ka ɗora masa duka biyun da ƙarfi a lokaci guda, ga yashi, sai ya sake ka. Kuloci kuma, in ka riƙe shi a tsakiyar kwana ka raba taya da inji, babur ya zama kamar kwale-kwalen da ba mai tuƙi. A riƙe totur daidai, in an hango mafita a ƙara kaɗan-kaɗan.

Darasi na uku shi ne wanda na yi masa gardama. A hanyar Vom ne, da sassafe, titi ba kowa. Ya ce in kai kamar kilomita 40 a awa, sannan in tura hannun babur na hagu gaba, kaɗan kawai.

"Kawu, ai in na tura na hagu gaba dama zan yi."

"Tura ka gani."

Na tura da fargaba, sai babur ya kwanta hagu, santsi, kamar jira yake. Na tura na dama, ya kwanta dama. Abin da ke faruwa shi ne tayar gaba takan ɗan kauce zuwa ɗaya gefen na ƙiftawar ido, sai nauyin babur ya rinjaya zuwa inda kake so, kwanciyar kuma ita ke shan kwana. Ashe tun ina hawan keke jikina yake yin haka ban sani ba. Ranar da tsoro ya sandarar da hannuwana, wannan 'yar turawar ce na kasa yi. Shekaru bayan nan na ga cewa a makarantun koyon babur na Amurka tun a kwanakin farko ake koya wa sabon shiga wannan. Abin ya yi mini ciwo. Mu a nan makulli ake miƙa wa matashi a yi masa addu'a. A watan Janairun 2009, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano, har wasu a Kano suka riƙa kifa ƙwarya a ka, ni na goyi bayan dokar don na ga rodin nan da idona. Sai dai hula tana kare kai ne bayan an faɗi, kuma ban ga wanda ya tara masu babur ya nuna musu abin da Kawu ya nuna mini da gwangwani biyu ba.

A watan Nuwamban 2007 aka yi mana haihuwa a Akwanga, Kawu ya ce a babur za mu je suna. Na san ma'anar haka. Duk mai fita Jos ta wannan hanya sai ya sauka Hawan Kibo, inda tudun Jos mai tsayin kusan mita 1,200 ke gangarawa ƙasa a cikin kwanoni, kuma babu ɗan Jos da bai taɓa jin an ce mota ta faɗi a can ba. Daren ban yi barcin kirki ba.

Mun fita cikin hazo da sanyin da ke sa yatsu ciwo. Muka wuce Bukuru, muka zagaya shataletalen Mararrabar Jama'a, muka bar duwatsun Riyom da ke ɗore a kan juna. Kafin gangaren Kawu ya tsaya, ya duba iskar tayoyina da babban yatsa, ya ce in bar tazara, in kula da baƙin layin man dizal da manyan motoci ke zubarwa, kuma kada in kwanta a kan birki tun daga sama har ƙasa, don injin irin nawa ba ya riƙe gudu sosai a gangara, birkin kuma in ya yi zafi sakewa yake. Na yi addu'ar hawa na bi shi.

Kwana ta farko da ta biyu da ta uku na sha su ina faɗa wa kaina matakan da ƙarfi. Ƙaurin birkin tireloli ya cika iska. A gefe ga gawar wata mota ta yi tsatsa, ciyawa ta tsiro ta cikin tagoginta. Na gan ta da gefen ido, na ƙi juyawa.

Sai muka zo wata kwana ta dama wadda dutse ya rufe ƙarshenta. Kawu ya shige ya ɓace mini. Ina kwantawa sai ga kan tirela ta taso daga ƙasa tana gurnani, ta ci wani ɓangare na hannuna. Tsoron nan na Afrilu ya dawo cif, bai ragu da komai ba. Idona ya maƙale a tayarta ta gaba, har notocinta nake gani. Yatsuna suka fara lalubar birki, na ji babur yana neman miƙewa. Ban san daga ina ƙarfin ya zo ba, na fizge kaina na kai ido kan ɗan filin da ke tsakanin tirelar da dutsen, na tura hannun dama. Babur ya kwanta fiye da yadda na taɓa kwantar da shi, har gefen takalmina ya shafi kwalta. Iskar tirelar ta buge ni a kafaɗar hagu, ta wuce. Titi ya buɗe, ga jar fitilar Kawu can gaba.

A ƙasa, kusa da inda ruwan Assop ke zubowa, muka tsaya wurin masu sayar da ayaba. Iska ta yi ɗumi, kunnuwana suka buɗe. Da na sauka gwiwoyina rawa suke, sai da na dafa sirdi. Kawu ya kai bayan hannunsa kusa da birkina ya ji zafinsa, sannan ya ɗago.

"Kun haɗu da ita?"

"Mun haɗu, Kawu."

"Me ka kalla?"

"Tsakaninta da dutse."

Ya gyaɗa kai, ya ɓare ayaba ya miƙo mini.

Bayan mun dawo da mako guda na je na durƙusa gaban Inna na nemi izinin ɗaukar ƙanina zuwa Islamiyya. Ta daɗe tana kallona kafin ta ce mu je. Ya hau bai yi gardama ba, ya ɗora hannu a kafaɗata. Na ce masa in na kwanta ya kwanta tare da ni, ya riƙa leƙen hanya ta saman kafaɗar da muke juyawa. Da muka zo kwanar kwalbati na ji yatsunsa sun matse ni, suka saki bayan mun fita.

Kawu ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Shekarar da ƙanina ya sayi nasa babur, ban bar shi ya hau titi ba sai da na kai shi filin kuzan nan mako 2 a jere, da gwangwani biyu, na tsaya a mafita ina ɗaga masa yatsu.