Guzurin Mai Zane a Hanyar Agege

'Yan'uwana ɗalibai, wannan magana da ku na ke yi, ku da mu ke ajin zane tare, musamman masu niyyar gwada fentin mai a sarari, nesa da ɗakin zane na kolejinmu. Na yi hutuna a Agege, cikin Ikko, wurin kawuna mai fataucin goro. Ga abin da na ɗauka, da dalilin ɗaukarsa.

Da fari, ku sani fita waje da fentin mai ba tsohon abu ba ne ƙwarai. A dā masu zane a Turai su kan ɗaure fentinsu cikin mafitsarar alade, in an huda ta kuwa, ragowar ba ta daɗewa. A 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙago ɗan bututun kuza da a ke matsawa, irin na man goge haƙori. Daga nan mai zane ya sami damar sa fentinsa a aljihu ya bi hanya.

To, amma samun dama ba shi ne a kwashe kome ba. Tafiya daga Arewa zuwa Ikko a motar haya kwana ce da wuni, kuma kowane ƙunshi sai an biya masa. Saboda haka launi 5 kaɗai na ɗauka, watau fari, rawaya, ja, shuɗi, da ƙasa-ƙasa. Kore ya kan fito in an haɗa rawaya da shuɗi. Baƙi kuma daga shuɗi da ƙasa-ƙasa. Farin shi ne na ɗauki babba, domin ya fi saurin ƙarewa. Sa'an nan burushi 4, na naɗe su cikin tsumma don kada gashinsu ya lanƙwashe, da 'yar wuƙar haɗa launi, da guntun katako na haɗawa. Maimakon yadin zane na yanka falankai 6 marasa kauri, kowane santimita 20 da 25, na shafe su da farin shafe tun a nan koleji, suka bushe sarai.

Man tsinka fenti ban sa shi a kaya ba ko kaɗan. Yana kama wuta, yana da wari, in kwalba ta fashe cikin mota an cuci fasinjoji. A can na sayi kananzir kaɗan na wanke burushi, in bi da sabulu. Ku lura kuma da tsumman da ya sha man fenti. In an dunƙule shi an ajiye, ya kan yi zafi da kansa har ya kama wuta. A shanya shi a fili.

Babbar wahala ba zuwa ba ce, komowa ce. Fentin mai ba ya bushewa kamar ruwa a rana. Iska ce ke shiga man, ya daskare sannu a hankali, sai a yi kwanaki yana ɗanye. Ina cikin tunanin yadda zan yi, kawu ya gan ni, ya ce, “Yaro, dubi huhun goro mana. Goro ba ya son gogayya, shi ya sa mu ke jera shi da ganye.” Na ce, “Gaskiya ne, Kawu.” Sai na haɗa falankai biyu fuska da fuska, na sa marfin kwalba a kusurwa huɗu tsakaninsu, na ɗaure da roba, na rufe da leda. Haka suka iso, ba wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Ledar tana da amfani biyu: a Ikko ruwa ya kan sauko ba sallama, a Arewa kuwa ƙurar hunturu ta kan manne wa ɗanyen fenti.

Akwai guzurin da ba ya shiga jaka, watau ladabi. Zangon Agege ba wurin kallo ba ne, gidajen mutane ne. Hausawa sun zauna nan saboda cinikin goro, layin dogon da ya haɗa Ikko da Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, shi ya ƙarfafa zaman. Kafin in kafa katakona sai da kawu ya kai ni na gai da dattawan layin. Wani tsoho ya ce ba ya son a zana fuskarsa, na ce to, Baba, na zana kwandunansa da rumfarsa. Na kan fita da hantsi, in yi awa 2 in tashi, domin bayan haka inuwa ta juya, abin da ka fara ba shi ne a gabanka ba.

Me ya sa na ke ɗaukar wannan da muhimmanci? Agege tana sākewa. An buɗe gadar sama ta Pen Cinema a 2021, sabon layin dogo zuwa Ibadan ma a shekarar a ka ƙaddamar da shi. Rumfar da ka gani bana, baɗi mai yiwuwa babu ita. Ban da wannan, yaran Zango sun riƙa kewaye ni, suna mamakin wai layinsu ya isa a zana. Aina Onabolu, wanda ya rasu a 1963, ya yi shekaru yana bin makarantun Ikko yana koyar da zane, a lokacin da waɗansu ke cewa ba aikin baƙar fata ba ne.

Mu ma gobe za a watsa mu makarantun ƙauye, inda babu ɗakin zane, babu kabad cike da kaya. Malamin da ya saba aiki da launi 5 da guntun katako ba zai ce wa yara babu kayan aiki ba. Ku gwada a hutun nan, ko da bayan gidanku ne. In mun komo, kowa ya kawo nasa mu gani.