Ɗan-tsamin Babbar Sallah

Naman layya ranar farko sarki ne. Rana ta biyu ana cin sa ana hira. Rana ta uku kuwa maiƙo ya gundure kowa, sai ka ga yaro ya ɗauki tsoka ya jujjuya ta ya mayar cikin kwano. Duk jama'ar da ke yanka rago ta nemo wa kanta maganin wannan. Ku a Kano da Maraɗi kuna da yaji da ɗanyar albasa. Larabawan da muke zaune da su a nan Sudan suna da shaɗɗa, wato barkono da lemun tsami da niƙaƙƙiyar gyaɗa, suna kuma da sharbot, ruwan dabino mai kayan ƙamshi da ake sha bayan nama don ya sassauta ciki. Mu a gidanmu muna da wani abu ja, mai kauri kamar kunun da ya kwana, ana ɗibarsa da cokali a sa gefen faranti a riƙa dangwala nama. Kakata ta sa masa suna ɗan-tsami, kuma a kansa nake so in ɗan yi muku bayani.

Ƙauyenmu yana kusa da Kamlin, a jihar Jazira, gefen yamma na Baharul Azraƙ, reshen Nilu da ke gangarowa daga Habasha. Wanda ya taso daga Khartum zai tafi Wad Madani ta nan yake bi. Kakannina daga ƙasar Haɗejiya suka fito da niyyar aikin hajji a ƙafa, suka bi ta Barno da ƙasar Cadi, suka shigo ta Jinaina, suka wuce Fashir da Ubayyid. Ba su ne na farko ba. Tun bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, jama'arsa suka ci gaba da yowa gabas, ɗansa Mai Wurno ya kafa garin da har yau ake kira da sunansa kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aikin hannu ya samu, alhazan ƙafa suka riƙa tsayawa don su tara kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda. Wasu sun tara sun wuce. Wasu sun je sun dawo sun zauna. Kakata ta yi fiye da shekara hamsin a nan, amma har ta koma ga Mahaliccinta in an tambaye ta sai ta ce, "Mu fa a kan hanya muke."

Mutumin da ke kan hanya ba ya zubar da abu, kuma daga nan ɗan-tsami ya samo asali. Yawancin mutanenmu ba su mallaki hawasha ba, wato gonar da hukumar noman Jazira ke yanka wa manomi. Ƙwadago suke yi ko noman raba-daidai. Abin da Kaka ta mallaka shi ne ɗan zirin ƙasa a bakin magudanar da ake kira abu ishirin, inda take shuka yakuwa. Larabawa karkade suke ce wa zoɓo, kuma shan sa kawai suke yi, in sun jiƙa sun tace su watsa wa awaki ɓawon. Bahaushiya kuwa ta san ganyen miya ne, 'ya'yan daddawar batso ne, ɓawon da aka jiƙa ma bai gama aiki ba. A ɗaya gefen katangarmu akwai gidan wasu Larabawa da asalinsu daga arewa ne, wajen Dungula, inda dabino yake kamar gero a wurinmu. Kowace jajibirin Sallah uwargidan takan dafa dabino ta murje ta tace ruwan sharbot, tuƙar ta rage mata cike da kwarya. Wata shekara Kaka ta roƙe ta. Ta haɗa da ragowar zoɓonta ta ɗora a wuta, da ya yi ta zuba a kwano ta miƙa ta kan katanga. Tun daga ranar, tuƙar dabino ke tsallakowa jajibiri, kwanon ɗan-tsami ya tsallaka ranar Sallah. Abin da gida biyu za su zubar ne ya zama abin da gida biyu ke jira.

Ga yadda ake yi, kamar yadda na koya a gindin murhu. Ana samun busasshen zoɓo cike da tafi uku, mai duhun ja, a wanke shi sau biyu saboda yashi, don a ƙasa ake shanya shi. A jiƙa shi a ruwan ɗumi tun la'asar. Da dare a tace ruwan farko a ajiye na sha, a bar ɓawon da ɗan ruwa kaɗan. Dabino ratal ɗaya, wato kusan rabin kilo. Barakawi aka fi samu, busasshe ne mai tauri, sai ya daɗe a wuta kafin ya saki jiki. Gundela ya fi shi nama da zaƙi, ya kuma fi shi tsada. Wadda ba ta da maƙwabciya mai sharbot sai ta cire ƙwallon ta dafa dabinon da kanta har ya yi laushi. Wadda ke da ita kuwa ta karɓo tuƙar tun ranar da aka tace, kafin ta fara tashi. Kakanmu malami ne, sharbot ɗin da ya wuce kwana ɗaya ba ya shiga gidansa, kuma wannan doka ta hau kan tuƙar ma.

Ranar Sallah, bayan an feɗe rago, a yanko ɗan kitse a narka a tukunya, a soya albasa biyu har su yi ja. A zuba ɓawon zoɓon da aka yayyanka, a bi shi da dabino, da ruwan tsamiya kamar rabin kofin shayi. Sai kayan ƙamshi: citta busasshiya ƙwaya biyu a daka, kirfa sanda ɗaya, masoro kaɗan, habbahan uku a fasa, kanumfari biyar. Kaka ƙirga kanumfarin take yi a tafin hannu. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "Kishiya, kanumfari baƙo ne mai surutu. In ya yi yawa ba wanda zai ƙara jin muryar zoɓo." Barkono da gishiri su ne na ƙarshe. A rage gawayi, a bar shi yana ɗan tafasa kamar minti arba'in, ana juyawa kada ya kama. In ɓawon ya narke a sa maburgi, wanda maƙwabtanmu ke kira mufraka, a burge sama-sama. Ba a so ya yi sumul. Daɗinsa shi ne haƙori ya riƙa cin karo da guntun dabino.

Akwai abubuwa uku da ke ɓata shi. Na farko kanwa. Mace ta saba jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami, amma in ta taɓa wannan sai jan ya koma baƙi-baƙi kamar ruwan marina, tsamin da ake nema kuma ya tafi. Na biyu tukunyar ƙarfe mai tsatsa, tsamin zoɓo yana cin ta, ɗanɗanon ƙarfe ya fito. Tukunyar ƙasa ta fi. Na uku gaggawar ƙara sukari. Masana'antar sukari ta Junaid, da aka buɗe a 1962, tana tsallaken kogi ba nisa da mu, sukari bai taɓa zama baƙon abu a nan ba, amma Kaka ba ta yarda da shi a wannan tukunya ba. Da zafinsa ɗan-tsami yakan yi kamar ya cika tsami ya kuma cika ruwa. A sauke a rufe a ajiye kusa da randa. In ya huce zai kama jikinsa da kansa, domin ɓawon zoɓo yana da wani danƙo da ke daskarewa in ya yi sanyi, zaƙin dabino kuma sai a lokacin yake fitowa. Na rana ta biyu ya fi na ranar farko, na rana ta uku shi ne ke ceton naman da kowa ya gaji da shi.

Wata 'yar yayata da ke aure a Amurka ta ce min su ma can, a bikin godiyarsu na watan Nuwamba, suna dafa wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami da ake kira kiranberi, da tuffa da kirfa, su ci da naman talotalo. Ta ce a jihar Fulorida har zoɓo ake sawa a madadinsu. Ban yi mamaki ba. Maiƙo ɗaya ne a ko'ina, harshe kuma ya san abin da yake nema.

Shekarun baya ban ɗauki wannan girki da wani nauyi ba. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ne ya sa na dube shi da kyau. Da farko Jazira ce mafakar mutanen Khartum, mu ma mun sauki baƙi har a rumfar tsakar gida. A watan Disamba na shekarar wutar ta iso mu. Muka bar gida da abin da hannu zai iya ɗauka, muka yi kwanaki a hanya kafin mu kai Gadarif wurin dangi. Sallar layya ta 2024 a can ta same mu, gida huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi akuya ɗaya. Zoɓon kasuwa yawancinsa daga Kurdufan yake zuwa, hanyar kuwa ta lalace, abin da ake sayarwa da mudu ya koma ana ƙullawa a leda. Na sayi ƙulli biyu da dabino kaɗan na dafa a gwangwanin madara. 'Yata ƙarama, wadda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinta, ta ɗanɗana ta ce da Hausa tsantsa, "Inna, wannan ƙamshin gidanmu ne." Sai dai ba kwanon da ya tsallako, ba kuma wanda zan miƙa wa. Muka cinye mu kaɗai, kuma a ranar na gane rabin girkin ba a tukunya yake ba.

Da hanya ta buɗe a 2025 muka koma. Ƙofofi babu, ɗakin Kaka babu rufi, amma katanga tana tsaye. Abin da ya fi rufin ɗaki wuyar gyara shi ne zaman mutane. Yaƙi ya bar zargi tsakanin ƙauyuka da sansanonin 'yan ƙwadago da ake kira kanabi, inda mutanenmu da na yammacin Sudan suka fi yawa. Kowa na tuna wanda ya ga ya tsaya da wane. Tsohuwar maganar nan ta cewa mu baƙi ne ta sake fitowa, ga mutanen da kakanninsu suka haƙa magudanan da ake shayar da gonakin nan. Mun riga mun ji ɗacin irinta a rikicin jihar Baharul Azraƙ na Yulin 2022, da Hausawa da yawa suka rasa rayuka da gidaje.

A zamanin Kaka gida ɗaya ne ke aiko da tuƙa, a zamanin mahaifiyata suka zama uku. Da jajibirin Sallar 2025 ta zo, na jiƙa zoɓona na zauna ban aika ko'ina ba, don ba na so in roƙi abin da za a ba ni da nauyin zuciya. Gida ɗaya kango ne, masu shi suna Masar. Gida na biyu suna nan, muna gaisawa a bakin famfo, amma ba su aiko ba. Bayan magariba na ji ana buga katanga da ludayi. Jikanyar matar nan ta Dungula ce, ita ma yanzu ta manyanta, a tsaye kan bulo da kwarya a hannu.

"Halti, ga naku," in ji ta. "Bana dabinon kaɗan ne, ki yi haƙuri."

Na ce, "Allah ya amfana, 'yata. Gobe ki turo yaro da kwano."

Washegari na raba ɗan-tsamin uku. Ɗaya namu, ɗaya nata, na ukun na ba ɗana ya kai gidan da ba su aiko ba. Sun karɓa, sun dawo da kwanon a wanke, ba komai a ciki. A al'adar nan ba a mayar da kwano haka, ko ƙwayar dabino uku ce akan sa. Na kife shi a kan randa ban ce komai ba. Baɗi in muna raye zan sake aikawa, domin ita ma Kaka ba a rana ɗaya aka daina kallonta a matsayin baƙuwa ba.

Na sake shuka yakuwa a bakin abu ishirin, duk da ruwan magudanar bai dawo yadda yake ba. 'Yata ce ke ƙirga kanumfari yanzu, da Hausa nake sa ta ƙirga. Wadda ta karanta wannan a Katsina ko Damagaram, in Allah ya kai mu Sallah, ta gwada ko da rabin awon ne. Zoɓo da dabino da tsamiya duk kuna da su a kasuwa. In ya yi, ta zuba wa maƙwabciyarta tun yana da ɗumi. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.