Albam Ɗin da Ya Fito Babu Sabis

A watan Satumba na 2021 abokinmu ya kammala albam ɗinsa na farko. Masararsa ta bara ya sayar ya biya kuɗin situdiyo a Kano. Babu kamfani a bayansa, sai mu 'yan majalisarsa a Sheme.

Muna shirin ɗora waƙoƙin a Facebook da YouTube sai gwamnati ta katse sabis a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, har Funtuwa, saboda 'yan bindiga. Aka hana motocin haya bin hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara. Bukukuwan da yake sa ran a gayyace shi suka yi ƙaranci.

Sai muka koma ga memori. Muka kai wa masu tura waƙa a shagunan caji, muka roƙi mai shayi ya riƙa kunnawa, muka tura wa direbobin Gusau ta Xender. Ko sisi bai shigo ba.

Wata rana da la'asar muka ji yarinya mai tallar gyaɗa tana rera amshin, ba ta san mai waƙar ne zaune a gabanta ba. Ya saye gyaɗar duka, da kuɗin da muka ranta masa.