Kalamazoo: Inda Ake Digiri a Kan Tafiyar Makaho

Kalamazoo ƙaramin birni ne a jihar Michigan ta Amurka, kusan tsakiyar hanyar Detroit zuwa Shikago. Baƙon da ya fita zagaya unguwannin da ke kusa da Jami'ar Western Michigan yakan yi kiciɓis da abin da zai tsayar da shi: mutum a bakin titi, an rufe masa idanu da baƙin ƙyalle, farar sanda a hannu, wani kuma yana tsaye a bayansa bai ce uffan ba. Mai sandar nan idonsa garau. Ɗalibin digiri na biyu ne da ke koyon aikin koya wa makafi zirga-zirga su kaɗai, kuma sai ya ɗanɗani duhun da kansa kafin a damƙa masa amanar wani.

Tun 1961 jami'ar take wannan karatu, shekara ɗaya bayan Kwalejin Boston ta fara. Asalinsa kuwa Yaƙin Duniya na Biyu ne, lokacin da sojoji suka riƙa dawowa gida babu idanu. A asibitin soja na Valley Forge, wani mai suna Richard Hoover ya ajiye gajeriyar sandar katako mai nauyi, ya kawo doguwa marar nauyi, tare da tsarin sarrafa ta. Daga 1948 aka ci gaba da goge dabarar a asibitin tsoffin sojoji na Hines, kusa da Shikago.

Sai ka matso kusa za ka gane ba lalube suke yi ba. Sandar takan kai wa mai ita ƙirji. Hannu yana tsakiyar jiki, wuyan hannu kaɗai ke motsi, bakin sandar yana kaɗawa dama da hagu, yana ɗan wuce faɗin kafaɗu. In ƙafar hagu ta yi gaba, sanda tana dama, ta riga ta duba inda ƙafar dama za ta sauka. Da baki abu ne mai sauƙi. Na ga wata ɗaliba tana ta rikita takun, sanda da ƙafa suna tafiya gefe guda, malaminta yana mayar da ita farkon baranda ba tare da ɗaga murya ba.

Mahaɗar titi ce babbar jarrabawa. Ɗalibi yakan tsaya yana saurare, danja ta canza sau da yawa bai motsa ba, har sai kunnensa ya raba motocin da ke gilmawa ta gabansa da waɗanda ke tafiya a gefensa. Da na gefen sun tashi gaba ɗaya, lokacinsa ya yi, kuma ƙararsu ce za ta miƙar da shi har wancan tsallaken. Malami ba ya sa baki sai in ya ga haɗari. In ɗalibi ya ɓata hanya, barinsa yake ya warware da kansa, wanda a ganina nan ne wahalar aikin take, domin tausayi yakan sa hannu ƙaiƙayi. Ga dusar ƙanƙara da ke binne bakin titi ta danne sauti a lokacin hunturu. Shataletale da motoci masu lantarki marasa ƙara ma sun zama abin bincike ga malaman jami'ar.

Ko jagoranci da ƙa'idarsa. Makahon ne ke kama hannun jagora a saman gwiwar hannu, yana bin sa da rabin taku. Dole mutum ya tuna gida, inda ɗan jagora ke riƙe kan sanda yana ja, sandar ta bar ƙasa ta daina aikinta, yaron kuma ya bar makaranta.

Ba duk darasin Kalamazoo ne zai zauna daram a Kano ko Zinder ba, ga buɗaɗɗun kwalbatoci, ga babura da a-daidaita-sahu ta kowace kusurwa. Amma muna da tushe: makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953, jami'o'in Jos da Bayero kuma suna koyar da ilimin masu buƙata ta musamman. Ya kamata su yaye malaman tafiya da sanda waɗanda suka koyi aikin a kan titunanmu.