Lamba 44: Abin da muka gano a Syracuse

Mu huɗu ne, ɗalibai ’yan Arewa da karatu ya kai Amurka, muka hau bas daga birnin New York da sanyin safiya. Bayan tafiyar kusan awa biyar muka sauka a Syracuse, garin da ya yi suna wajen zubar dusar ƙanƙara. Sanyin hunturun Jos wasan yara ne a kan na can. Muka ƙara ɗaure rigunanmu, muka kama hawa tudun da jami’ar garin take kai.

Tun daga ƙofa abu biyu suka ja hankalinmu: launin ruwan lemo da ke jikin tutoci da rigunan ɗalibai, sai kuma lamba 44. Hatta lambar gidan waya ta jami’ar 13244 ce, kuma da gangan aka sa ta ƙare da 44. Lambar rigar ’yan wasa uku ce da jami’ar take alfahari da su: Jim Brown, Ernie Davis da Floyd Little. Labarin na tsakiyan ne ya kawo mu.

Ƙannenmu, ƙwallon da muke magana a kai ba irin wadda kuke bugawa a filin makaranta ba ce. Ta Amurka doguwa ce mai tsini a kowane gefe, ana runguma a ruga da ita ko a jefa wa abokin wasa. Kowane ɓangare mutum 11 ne, sanye da hular kwano. Wanda ya kai ta ƙarshen filin abokan hamayya ya ci maki shida. Tsawon filin yadi 100 ne, irin yadin da tela yake aunawa.

Muka tsaya gaban katafaren filin wasa mai rufi da aka buɗe a 1980. A daidai wurin ne tsohon filin Archbold yake kafin a rushe shi, kuma a nan ’yan wasan jami’ar suka yi kakar 1959. Mai horar da su, Ben Schwartzwalder, tsohon sojan laima ne da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar sun buga wasa 11, sun ci duka. Sun lallasa Colgate da ci 71 da nema, amma da ƙyar suka sha a hannun Penn State, 20 da 18. A zamanin, ’yan jarida da masu horarwa ne suke kaɗa ƙuri’ar zaɓen zakaran ƙasa, kuma duka ɓangarorin biyu Syracuse suka zaɓa. Har yau jami’ar ba ta sake cin wannan kambi ba.

Ernie Davis yana aji biyu a lokacin, sa’anmu ne ke nan. Ranar 1 ga Janairun 1960 suka je Dallas, can kudancin ƙasar, don karawa da Jami’ar Texas a wasan Cotton Bowl. Davis ya shiga fili da ciwo a cinya. Duk da haka ya cafke wata ƙwallo da aka jefa masa ya ruga har ƙarshen fili, jimillar yadi 87. Syracuse ta ci 23 da 14, aka zaɓe shi gwarzon wasan.

Sai dai Davis baƙar fata ne, kuma Dallas ta wancan lokaci tana cikin wariyar launin fata. A liyafar da aka shirya bayan wasa, da aka gama cin abinci da raba kyaututtuka, sai aka ce shi da abokansa baƙaƙe biyu, Art Baker da John Brown, su fice kafin a fara kiɗa da rawa. Wanda dubban mutane suka tafa wa da rana, shi aka nuna wa ƙofa da dare.

Wannan bai karya masa gwiwa ba. A 1961 ya zama baƙar fata na farko da ya ci kyautar Heisman, wadda ake bai wa gwarzon ɗan wasan jami’o’in Amurka duk shekara, har Shugaba John Kennedy ya gana da shi. Bai yar da littafi saboda ƙwallo ba, ya kammala digirinsa a 1962. Ƙungiyar Cleveland Browns ta ɗauke shi, amma kafin ya buga mata ko wasa ɗaya likitoci suka gano yana da sankarar jini. Ya rasu ranar 18 ga Mayun 1963, yana da shekara 23.

Daga filin muka zarce inda mutum-mutuminsa yake a harabar jami’ar, muka kuma ga ɗakin kwanan ɗalibai mai ɗauke da sunansa. Farare da baƙaƙe na shiga suna fita da jakunkunan littattafai. Tun 2005 jami’ar ta jingine lamba 44 don girmama waɗanda suka sa ta.

A cikin bas ɗin komawa gardama ta kaure tsakaninmu. Ɗayanmu ya ce karramawar da ta zo bayan mutum ya mutu ba ta goge wulaƙancin da aka yi masa yana raye. Wani ya ce ai sunan Davis ne a jikin gini, su kuwa waɗanda suka kore shi mu ko sunayensu ba mu sani ba. Ba mu daidaita ba har muka isa.

A makarantunku ma akwai yaron da ake so a fili ranar gasa saboda gudunsa, amma ba a zama da shi a ɗakin cin abinci saboda yarensa, ko addininsa, ko talaucin gidansu. Idan kun ci kofi tare da shi, ku matsa masa wuri a benci, ku ci tuwon ma tare.