Yaron da na daina kira

Jiya da daddare wani yaro da nake koya wa rubuta manhaja ya turo min saƙo: "Yaya, ko na yi maka wani laifi ne? Wata uku ke nan ba ka ba ni aiki ba." Wallahi na daɗe ina kallon wayar.

Bai yi laifin komai ba. Ƙananan ayyukan da nake tura masa, irin su gyara fom ɗin rajista ko haɗa shafi da rumbun bayanai, yanzu Copilot da ChatGPT nake ba wa. Abin da yake kwana biyu a kai, kafin shayina ya huce an gama. Ban ma lura na daina kiransa ba.

Ana ta gardama a kan ko ƙirƙirarriyar basira tana ƙara wa irinmu sauri. A 2022 kamfanin GitHub ya ce a wani gwaji masu amfani da Copilot sun fi sauri da kashi 55 cikin ɗari. Amma kayansu ne, kuma mai kaya ba ya kushe kayansa. A 2025 kuma ƙungiyar METR ta gwada ƙwararru 16 a kan manyan ayyukan da suka saba da su. Sai ga shi lokacin aikinsu ya ƙaru da kashi 19, alhali su a ransu gani suke sun ƙara sauri!

Wannan na biyun bai ba ni mamaki ba. Kwanaki na sa ta rubuta min lissafin rangwame a manhajar wani shago. Rubutu tsaf, gwanin sha'awa, ashe sau biyu take cire rangwamen idan mutum ya dawo da kaya. Na gano kuskuren ne kawai don ni ma na taɓa yin irinsa da hannuna shekarun baya, maigidana ya wanke ni tas a gaban mutane.

To ai nan gizo ke saƙa. Idon da nake duba aikinta da shi, a kan ƙananan ayyukan nan na same shi, su ne kuma na ƙwace wa yaron. Ga gwamnati ta ɗauko shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha. Idan sun fito, wa zai ba su aikin farko, tunda duk mun koma yin yadda na yi?

Yau da safe na kira shi. Na tura masa wancan lissafin rangwamen yadda na'urar ta rubuta shi, ban faɗa masa akwai matsala ba, na ce ya duba ya ba ni amsa zuwa Juma'a. Zan biya shi kamar da, duk da dai aljihun nawa ma a hankali yake.