Yankan Tumbi da Kwanon Gidanmu

A 'yan shekarun nan maganar aikin rage tumbi ta shigo hirarrakinmu a Zongo, daga Aboabo har Asawase. Sai ka ji an ce wance ta je Turkiyya ko Indiya, ta dawo kamar ba ita ba. Aikin shi ne likita ya yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin mutum, ya bar siririn sashe mai siffar ayaba. Cikin abin da ake cirewa har da ɓangaren da ya fi samar da sinadarin da ke tayar da yunwa. Loma kaɗan ta ƙosar, yunwar kanta ta lafa.

Sai dai sakamakon ba ya zama ɗaya. Likitoci sun lura matashi ya fi dattijo zubar da ƙiba, mai ciwon sukari kuma yakan rage ƙasa da wanda ba shi da shi. Daga shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi nauyin yakan gama sauka. Bayan nan wasu su riƙe, wasu ya riƙa dawo musu a hankali. Shekaru da ciwon sukari ba su hannunmu, amma a wannan dawowar muna da hannu dumu-dumu.

Mu duba abin da muke sha. Ƙaramin tumbi yana iya tare tuwon zafi da shinkafa da wake, amma ba ya tare ruwa. Kokon safe da muke zuba wa sukari cokali uku, furar rana, burkina mai sanyi, sobolo da lamurjin biki, duk wucewa suke yi salin alin, kuma ƙarfinsu na nan daram. Mutum na iya rantsuwa bai ci komai ba tun safe, kuma gaskiya ya faɗa, alhali ya sha abin da ya kai kwanon tuwo.

Sannan ga bakinmu. A wurinmu ƙiba shaidar hutu ce. Amarya ta yi kumatu, a yaba wa miji. Wadda ta fara ramewa kuwa, a gidan suna za a ja ta gefe: “Hajiya, lafiya dai ko?” Inna ta ƙaro mata nama, ta ce ƙin cin abincin mutane raini ne. Da ƙauna ake yi, mun sani. Amma wadda aka umarta ta fara da ƙwai ko kifi, ta tauna a tsanake, ta raba ci da sha, ta dakata da zarar ta ƙoshi, yaya za ta yi a kwanon taro inda hannu biyar ke tsere?

Azumi ma haka. Likitoci sukan ba da shawarar a jinkirta shi a watannin farko, domin tumbin ba ya ɗaukar ruwan da zai rama ƙishin wuni a zama ɗaya. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, mu ne muke kallonsa da wutsiyar ido.

Abin da ya fi damunmu shi ne bibiya. An san masu komawa wurin likita a kai a kai sun fi riƙe abin da suka samu, ga kuma ƙwayoyin bitamin da gwajin jini da ba su da ranar dainawa. Wanda aka yi wa aiki a Istanbul, likitansa na can bayan teku. Kafin a haɗa kuɗin jirgi, ya kamata dangi su fara sanin wa zai riƙa duba shi a nan, a asibitin Komfo Anokye da muke kira Gee ko wani wuri, da kuma wa zai riƙa dafa masa nasa daban.